Gugar da Na Yi wa Littafin Sahiya

Da sunan Allah na fara, Shi ya kawo ciwon, Shi kuma ya ba mu ƙarfin jinya. Ni tela ce a wani ƙauye kusa da Tabotaki, cikin ƙasar Bouza. Maigidana ɗan ci-rani ne, yana Abidjan, sai bayan shekara biyu yake leƙo mu. A gidan daga ni sai ƴaƴana da uwarsa, wadda muke ce wa Iya. Sahiya ita ce ta uku a ɗakina, shi ya sa nake kiran sunanta ba kunya. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne har yau ina ganin mata a kasuwa suna sayen ƴar kwalbar nan ta ɗigon ido, kuma duk wadda na tare na yi wa magana sai ta dube ni kamar na zare. To ga shi a rubuce, wadda ta ga dama ta karanta.

Da ƙaiƙayi abin ya fara. Sahiya tana da shekara takwas, cikin wata bazara mai zafi, idanunta suka yi ja, ba ta da aiki sai murza su. Na kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, aka ba mu wani magani, aka ce a riƙa wankewa da ruwan sanyi, a yi haƙuri, zai wuce. Ni kuwa haƙuri ba halina ba ne, kowa a garinmu ya sani. Ranar kasuwa na tsaya wurin wani mai tallar magani a faranti, na gaya masa. Ya miƙo mini ƴar kwalba, ya ce ɗigo biyu safe da yamma. Na ɗiga mata da hantsi, kafin la'asar idon ya yi fari tas, ƙaiƙayi ya ɗauke. Na yi ta sa wa mutumin albarka. Har maƙwabta na yi wa tallarsa. Duk lokacin da jan ya dawo sai in ɗiga, in ta ƙare in sayo wata. Haka na yi shekara ɗaya da rabi.

Yarinyar nan karatu ne rayuwarta. Rubutun jikin buhun shinkafa, na bayan mota, na kwalin shayi, ba abin da take bari ya wuce ta. Ita ke karanta wa Iya saƙon babanta a waya. A lakwal, wato makarantar boko, in ba ta zo ta ɗaya ba ta zo ta biyu, kuma in ta zo ta biyu ranar ba mai jin daɗin gidan. Sai ga shi ta fara tuntuɓe da turmi. Ta yi karo da randa, ta zubar mini da ruwan da na sha wahalar ɗebowa. Na zage ta, na ce rawar kai ce, na ce littafi ya cinye mata hankali. Sau biyu na kai mata dundu. Wannan dundun har gobe yana damuna, kuma ba zan ɓoye ba.

Malaminsu ne ya aiko a kira ni. Ya ce ya maido ta bencin gaba, amma har yanzu sai ta juya kanta gaba ɗaya kafin ta bi layi a allo, in aka miƙo mata alli ta gefen dama ba ta gani. A gabana ya sa ta rufe idon hagu, ya ɗaga yatsu uku. Sai ta ce, «Mushe, ka ɗaga?»

Makon farko a gida muka ɓata shi. Iya ta ce ba maganar asibiti ba ce.

«Ke dai ki bar gaggawa. Kambun baka na. Ɗiya kullum ita ta ta hwarko cikin lakwal, mi kike so bakin mutane shi yi?»

Aka kawo rubutu, Sahiya ta sha, aka shafa mata, wannan ban yi da-na-saninsa ba don addu'a ce. Amma sai ga ƙanwar maigida daga Babankatami da nata maganin, wai a ɗiga ruwan nonon mai goyon ɗa namiji. Wata ta kawo tozalin da aka zo da shi daga Makka. Wata ta ce hayaƙi. Kowa ya shigo da nasa, kowa kuma ya san wanda ya warke da shi a wani gari da ba a iya zuwa a tambaya. Ni kaina ban fi su ba, don ina ta ƙara mata ɗigon kasuwa, har na mai da shi sau uku a yini.

Mako na biyu ciwon kai ya shigo. Mako na uku na ɗaure kayana, na ce da Iya ko da yardarta ko babu za mu Bouza. Ta ce in kira ɗanta. Na kira shi, ya ce in yi abin da na ga ya dace, ya kuma ce kada in ɓata wa Iya rai, wato ya bar ni inda ya same ni. Muka tafi. A can ma'aikacin da ya duba ta bai daɗe ba, ya rubuta takarda, ya ce wannan sai asibitin ido na birni, kuma kada in bari a kwana biyu.

Wanda bai taɓa bin layin asibitin ido ba bai san yawan masu ciwon ido a ƙasar nan ba. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, makiyaya da suka baro dabbobinsu, kowa riƙe da ƴar takarda mai lamba. Ranar farko lamba ba ta kai gare mu ba. Muka sauka gidan wata ƴar garinmu da ke aure a birnin, Allah ya saka mata, ta ba mu tabarma da tuwo ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Rana ta biyu na kasa zama. In tashi in leƙa ƙofa, in dawo, in sake tashi, har mai gadi ya ce in na ƙara leƙowa zai mai da ni ƙarshen layi. Na ce ya gwada. Sahiya ta ja mini zane ta ce in zauna ana kallonmu.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Ya duba ta da na'ura, ya daɗe, sannan ya ce me ake sa mata. Na fito da kwalbar da alfahari, ina jiran ya ce na kyauta. Ya juya ta a hannunsa.

«Tun yaushe?»

Na gaya masa. Ya ajiye kwalbar a hankali, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce maganin yana kwantar da ƙaiƙayi da gaske, amma na ƴan kwanaki ne, a ƙarƙashin idon likita. In aka daɗe ana sawa yana tayar da abin da ya kira tansiyon ido, wato hawan matsi a cikin ido, tansiyon kuwa yana cin jijiyar gani a ɓoye, jijiyar da ta mutu ba ta tashi. Sannan ya faɗi maganar da har yau nake ji da muryarsa:

«Na dama ya tafi. Na hagu muna ja da shi, amma ban yi miki alkawari ba.»

Na tambaye shi ko ni na makanta ɗiyata. Ya ce ba ki sani ba. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Ya ci gaba da rubuta odonans, takardar sayen magani.

Daga nan sai zirga-zirga. Ɗigo iri biyu daga farmasi, a kan lokaci. Randebu, wato ranar komawa wurin likita, kowane mako biyu. Akuyata ta tafi, zannuwan da nake ajiya suka bi ta, maigida ya aiko abin da ya samu. A mako na bakwai aka yi wa idon hagun aiki, muka kwana huɗu. Tansiyon ya sauka, na yi murna har na raba sadakar waina. A mako na goma ya sake hawa. Abin da ya rage mata na gani kamar mai leƙe ta cikin kara ne, tsakiya kawai, gefe duk duhu, kuma ƙofar tana ƙara matsewa.

Ana gab da hutun ƙarshen shekara na je wurin daraktan lakwal. Mutumin kirki ne, amma bai yi mini zaƙin baki ba. Ya ce aji cike yake, malami ɗaya ne, ba zai iya ajiye yarinya shekara guda tana zaune ba littafin da za ta bi ba. Ya ce ya ji ana koyar da rubutun makafi, wanda ake karantawa da yatsa. In ranar komawa lakwal, cikin Oktoba, Sahiya ta iya karanta masa shafi guda da hannunta, bencinta na nan, sauran kuma a san yadda za a yi. Da na kawo wa Iya labarin ta tafa hannu.

«Makauniya da lakwal? Ku bar ɗiyag ga ta huta. Ta zamna nan kusa gare ni, ta koyi kaɗi da sussuka, Allah ba shi hana ta abinci.»

Sahiya tana bakin ƙofa tana ji. Ranar ba ta ci tuwo ba. Ni kuwa na riga na ci idonta ɗaya da hannuna, na rantse ba zan zauna a ci mata lakwal ina kallo ba.

Wata ma'aikaciya a asibitin ce ta kwatanta mini Mushe Abdu a Madawa. Makaho ne tun yana yaro, ya yi karatu a Yamai, ya dawo gida yana koyar da yara biyar a zaurensa. Muka same shi zaune a kan tabarma, da farar riga, yana jan kunnen wani almajirinsa da baki. Ina ta zuba masa bayani a tsaye, ya katse ni.

«Malama, zamna. Tun da kinka shigo ƙahwahunki ba su tsaya wuri guda ba, kina sa ni juwa.»

Ya kira Sahiya kusa, ya ɗora yatsanta a kan wata takarda mai kauri, fara fat, ba tawada ko ɗigo, sai ƴan ƙuraje a jere. Ya ce kowane baƙi gida ne mai ɗaki shida, wani ɗakin da mutum, wani ba kowa. Kafin mu tashi ta riƙe baƙaƙe biyar. Ya yi dariya ya ce wannan za ta ƙwace masa sana'a. Sannan ya juyo wajena, dariyar ta ɗauke.

«Tunda da sauran gani ga na hagu, yanzu na lokaci. Ido shi nuna ma yatsa hanya kahin shi tahi. In anka jinkirta, aikin wata ukku shi koma na shekara.»

Ba mu da halin zama Madawa. Damina ta faɗi, gona na jirana, ba namiji a gida. Sai ya yi abin da ya ce bai taɓa yi ba. Ya sa aka ɗauko littafin da ya rubuta da hannunsa, ganye arba'in, ɗinke da zare. Farkonsa baƙaƙe, da manyan haruffan tawada a gefe waɗanda wani ya rubuta masa, sannan kalmomi, sannan gajerun labarai na Hausa da na Faransanci. Ya ce wata huɗu ya yi yana huda shi ɗigo ɗigo, takardar kuma ba a samunta a nan, daga Yamai aka aiko masa. Shi ke nan gare shi irinsa. Ya ba mu aro, mu riƙa biyowa ta wurinsa duk ranar randebu yana jin inda ta kai.

Mako uku abin yana tafiya. Da safe in ɗiga mata magani, in tafi gona, in dawo in tarar da ita a gindin itacen bedi, ta kafa idon hagu a kan babban harafi, yatsa a kan ƙuraje, baki yana motsi. Iya tana gefe tana cewa a dai yi a gani.

Ranar da muke dawowa daga randebu na gaba, ruwa ya tare mu a hanya. Mai kabu-kabun da ya ɗauko mu daga bakin titi ya ce zai iya ƙetare ƙoramar kafin ta cika. Ya ƙetare, amma mun jiƙe sharkaf. Littafin yana cikin leda a jakata, ruwa ya sami hanya ta bakin ledar. Na shanya shi a ɗaki ganye ganye. Da ya bushe sai ya kumbura, gefunan suka nannaɗe, ya yi kama da abin da aka tsinto a bola.

A nan ne na tafka abin da ya sa nake wannan rubutu da kunya. Ni tela ce. Shekara goma sha biyar ban taɓa barin kaya ya fita daga hannuna a yamutse ba, balle kayan aro, balle na mutumin da ya yi mana alheri. Na san ƙurajen nan su ne rubutun, ba wai ban sani ba. Amma a kaina kamar aikin surfani ne a wuyan riga, wanda in ka shimfiɗa ƙyalle mai laima a kai ka bi da dutsen guga, sai ya ƙara fitowa. Ban tambayi kowa ba. Na aiki Sahiya ta raka Iya gidan suna, na hura gawayi, na zuba a dutse, na shimfiɗa ƙyalle a kan ganyen da take kai, na danna da ƙarfina kamar yadda nake yi wa shadda. Ganyen ya miƙe sumul. Na ji daɗi, na buɗe na gaba. Ina ganye na goma sha huɗu suka dawo.

«Zo ki ji yadda na gyara miki littahinki,» na ce da ita.

Ta zauna, ta ɗora yatsu. Ta bi layin farko, ta dawo. Ta buɗe wani ganyen, ta shafa da tafin hannu duka.

«Inna, ina baƙaƙen sunka tahi?»

Na karɓe na shafa da kaina. Santsi kamar faranti. Na zauna a ƙasa kusa da dutsen gugar, har ya ƙona mini gefen zane ban ji ba. Ganyayen da take kai, da waɗanda za ta shiga, duk na shafe su. Iya ta leƙo, ta gane abin da ya faru. Ta ɗauke dutsen ta fitar waje.

Sahiya ba ta yi kuka ba. Ta ce, «Mi za mu ce ma Mushe?»

Kwana biyu ina jujjuya ƙaryar da zan yi. In ce ruwa ne ya shafe. In ce yara ne suka zauna a kai. A rana ta uku na bar gona, na hau mota ni kaɗai zuwa Madawa, na ajiye littafin a gabansa, na faɗi gaskiya tun daga hura gawayi. Ya buɗe, ya bi ganyayen ɗaya bayan ɗaya har goma sha huɗu.

«Guga,» ya ce. «Na ji gara ta ci littahi, na ji akuya ta ci. Ban taɓa jin wanda anka yi ma guga ba.»

Na ce ya zage ni in ji sanyi. Ya ce zagi ba ya tayar da ɗigo. Na ce ya sake rubutawa, ko me ake biya zan nema. Ya ce ba takarda, allon hudawar ɗaya ne kuma yaransa na aiki da shi kullum, ko da akwai ma ba zai gama kafin Oktoba ba. Ransa a ɓace yake, ya kuma ƙi ɓoyewa, ban ga laifinsa ba.

Ina zaune ina jujjuya ganyen a bakin zaure, rana ta faɗo a kansa a karkace, sai na ga tabo. Kowane ɗigo ya bar ɗan zagayen sawunsa, kamar inda aka farke ɗinki. Wannan kam idona ya san shi. Na ce, Mushe, ina ganin gurbinsu, in na tura su ta baya ba za su tashi ba? Ya ce bai sani ba, shi bai taɓa ganin gurbi ba. Ya miƙo mini tsinkensa na ƙarfe in gwada. Na kifa ganyen a cinyata na danna ɗaya, ya huje. Na biyu ma ya huje. Na ninka gyalena a ƙasa na danna a hankali, na miƙa masa. Ya shafa.

«Wanga ya tashi. Saura dubu nawa?»

Na koma gida da littafin. Na ɗauki basillar ɗinkin buhu na goge bakinta a dutse har ya dakushe, na yanko robar tayar babur na shimfiɗa a kan faifan katako. Gurbin ba ya ganuwa sai rana tana karkace, wato da sassafe da kuma bayan la'asar, daidai lokacin da ya kamata in kasance a gona. Ciyawa ta ci rabin geronmu na daminar nan, ina sane na bar ta. Ɗinkin mutane ya taru, wata ta zo ta kwashe atamfarta ta kai wa wata telar, ta bar mini baƙar magana. Ban iya karanta ko baƙi ɗaya na abin da nake tayarwa ba. Ina dai bin tabo, in danna, in matsa. Wuyana ya ƙage, idona na ruwa, in na rufe shi ƙuraje nake gani.

Duk layin da na gama sai in miƙa wa Sahiya. Da fari tana haɗawa da idon hagu, tana duba manyan haruffan gefe. In na tsallake ɗigo kalmar ba ta fita, sai ta ce in koma in duba ɗaki na biyar. In na ƙara inda babu, ta ce, «Inna, kin sa baƙo.» Sai in murje shi da farce. Muka yi ta faɗa. Ni ina cewa ga tabo ina gani, ita tana cewa ba a rubuta haka, kuma kusan kullum ita ke da gaskiya. Wata rana da hantsi na ga Iya ta ɗauki kwashe, fartanyar noma, ta nufi gona, tsohuwar da ta shekara biyar ba ta yi noma ba. Na ce ina za ki. Ta ce in ji da abin da na ɓata.

Randebu ɗaya muka tsallake a cikin makonnin nan, saboda ƙorama ta cika mota ba ta wucewa. Na gaba da muka je likitan ya ƙara wani ɗigo, ya ce tansiyon ya ƙi zama. Ya tambayi Sahiya yaya gani, ta ce da sauƙi. Na lura ta daina tuntuɓe a tsakar gida, na ɗauka maganin ne ya fara aiki, har na kira babanta na yi masa albishir.

Mako biyar na yi kafin in tayar da ganye goma sha huɗun. Mushe Abdu ya bi su da yatsa, ya ce wasu ɗigon sun fi nasa tsini, wasu kuma sai an roƙe su, amma ana karantawa. Ya ce in riƙe basillar, ya samo tsofaffin kwalaye, akwai yara uku a wajen Ibohamane da ba su da ko ganye ɗaya, in zan iya kwafa zai nuna mini. Na ce sai na ga bayan Oktoba tukuna.

Ranar komawa lakwal na sa mata rigar da na ɗinka, muka tafi tun yara ba su gama taruwa ba. Darakta ya sa aka kawo benci a ofishinsa. Ya ce shi ba ya iya duba ko daidai take karantawa, don haka shi zai zaɓi ganyen, kada a ce haddacewa ta yi. Ya buɗe tsakiya, ya faɗa kan ɗaya daga cikin nawa. Sahiya ta ɗora hannu biyu ta fara, a hankali, kalma kalma, wani labari ne na makiyayi da rijiya. Sau biyu ta tsaya ta koma baya. A layi na shida ta ce, «Nan Inna ta sa baƙo,» ta gyara da kanta ta wuce. Darakta ya sake buɗe wani, na Faransanci, ta karanta layi huɗu. Ya rufe littafin ya ce ta tafi aji, bencin gaba, kusa da taga don haske.

Sai a lokacin na gane abin da nake kallo tun ɗazu. Duk karatun nan kanta a ɗage yake, fuskarta na kallon bango. Ba ta sunkuya ba ko sau ɗaya, ba ta karkata idon hagun nan wajen ganyen ba. Da muka fito na ja ta bayan ofis, na ɗaga hannuna a gaban fuskarta, na kaɗa. Ba ta ƙifta ba.

«Sahiya, tun yaushe?»

Ta murza gefen littafin.

«Tun kina ganye na tara.»

«Kinka ce ma likita da sauƙi? Kinka bar ni ina gaya ma babanki kin samu lahiya?»

«In na hwaɗi, aje basilla za ki yi ki zamna kuka. Kuma saura ganye biyar.»

Aka buga ƙarfen shiga aji. Ta ce in kai ta bakin ƙofa kawai, daga nan ta san adadin takun zuwa bencinta, ta ƙirga tun bara. Na kai ta. Ta saki hannuna ta shiga, littafin a ƙirjinta.

Washegari muka koma asibiti, likitan ya tabbatar, ya ce ko ta faɗa da wuri da wuya a ce an tsayar da shi. Ban sani ba ko gaskiya ce ko lallashi. Na gode masa, na gode wa Mushe Abdu da Iya da duk wanda ya ba mu tabarma ko ya yi mana addu'a, Allah ya biya su. Ku kuwa mata ƴan'uwana, in idon yaro ya yi ja, ku bi layin nan komai tsawonsa, kada ku ɗiga abin da likita bai rubuta ba. Sahiya tana aji biyar yanzu. Da azahar in an tashe su ina tsaye a ƙofar gida, in hango ta tafe da ƙawarta, tana ba ta labarin abin da ta karanta, fuskarta na kallon sama. Har yau in ta iso sai na ɗaga mata hannu kafin in tuna in yi magana.